Zakarana ya kumbura a ido, wuyansa kuma ya saki: ina neman shawara

Mai zakara, Gwammaja:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu kiwo. Ina neman shawararku a kan zakarana, ɗan gida ne mai kimanin shekara biyu, kuma shi kaɗai ne namiji a cikin kajina. Idonsa na hagu ya kumbura har ya rufe, kwantsa ta manne fatar idon, idan kuma na buɗe a hankali sai in tarar da wani farin abu mai kauri a ciki. Idon dama yana buɗewa, amma yana zubar da ruwa mai kumfa. Abin da ya fi tayar mini da hankali wuyansa ne, domin ba ya iya riƙe kansa sama, da zarar ya ɗaga sai kan ya sunkuya har bakinsa ya kusa taɓa ƙasa. Ya daina cara, ba ya bin kaji, idan an watsa tsaba sai ya kai baki ya kuskure. Ina so in san ko waɗannan alamu biyu cuta ɗaya ce ko biyu, da kuma abin da ya kamata in fara yi kafin in samu damar kai shi wurin likita.

Mai gonar kaji, Hotoro:
Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba shi lafiya. Kafin a kai ga maganar magani, ka cire shi daga cikin sauran kajin yanzu, ka sa shi a kwali ko keji a wani lungu da iska ba ta kaɗawa, da mazubin ruwa da na abinci waɗanda shi kaɗai zai riƙa amfani da su. Ka riƙa fara kula da masu lafiya, shi ka zo masa a ƙarshe, sannan ka wanke hannu da sabulu. Bayan haka ka amsa mana wasu tambayoyi, domin da amsarsu za a gane inda aka dosa. Wuyan nasa murɗewa yake yi har kan ya juya gefe ko ya kalli sama, ko kuwa saki ya yi kawai? Wane launi ne kashinsa? Akwai wari a fuskarsa idan ka matso kusa? Ka shigo da sabbin kaji kwanan nan, kuma akwai wadda ta mutu a gidanka ko a maƙwabta? Me kake ba su a kullum, kuma an taɓa yi musu rigakafi?

Baba mai kiwo, Yakasai:
Yaro, ni shawarata gajera ce, ka yanka shi tun yana da sauran nama a jiki. Na daɗe ina kiwo a cikin birnin nan, kuma duk shekara idan hunturu ya kama, hazo ya sauka, haka cutar nan take shigowa unguwa ta share akurki ɗaya bayan ɗaya. Kazar da wuyanta ya taɓu ba kasafai take komawa daidai ba, kuma kowane dare da ta ƙara kwana a gidanka haɗari ne ga sauran. Kuɗin da za ka kashe a magani da abin hawa zuwa asibiti zai iya kai rabin kuɗin wani zakaran. Ba rashin tausayi ya sa na faɗi haka ba, tausayin sauran kajin nake ji.

Mai zakara, Gwammaja:
Na gode, Baba, na gode Malam. Na ware shi kamar yadda aka ce. Wuyan bai murɗe ba, saki ya yi, kuma idan na tallafe kan da hannuna yana iya riƙewa na ɗan lokaci kafin ya gaji. Ƙafafunsa suna ɗaukarsa, ko da yake ya fi son kwanciya. Kashinsa kaɗan ne, ba kore ba ne, kuma ba zawo yake yi ba. Wari kam akwai shi sosai a wajen hanci da ido. Kwanakin baya na sayo kaji biyu a wata kasuwa na haɗa su da nawa, kuma ɗaya daga cikinsu tana atishawa, hancinta yana ɗan zubar da majina. Babu wadda ta mutu, ban kuma ji labarin mutuwa a maƙwabta ba. Abincinsu dusa ce da dawa da ragowar tuwo, tsakar gidan kuma siminti ne, babu ciyawa. Ba a taɓa yi musu rigakafi ba.

Likitan dabbobi, Tarauni:
Assalamu alaikum. Malam, amsoshinka sun taimaka ƙwarai, ko da yake babu likitan da zai yanke hukunci a kan dabbar da bai taɓa da hannunsa ba. Bari in fara da wuyan, tun da shi ne ya tsorata kowa. Cutar da Baba yake nufi ita ce Niyukasil, kuma tsoron da yake ji yana da dalili, domin ƙwayar bairos ce da ba ta da magani, tana tsananta a ƙasar nan a lokacin hunturu, kuma tana iya kashe mafi yawan kajin da ba a yi wa rigakafi ba cikin 'yan kwanaki. An fara gane ta a 1926, an kuma tabbatar da ita a Nijeriya tun farkon shekarun 1950. Amma ita alamarta murɗewar wuya ce, kai ya juya ko kaza ta riƙa kewaya wuri ɗaya, tare da koren zawo da numfashi da baki buɗe, kuma da wuya ta tsaya a kan kaza ɗaya. Abin da ka bayyana bai yi kama da ita sosai ba, sai dai ba za a cire ta daga lissafi ba tukuna, saboda takan ɗauki kwana 2 zuwa 15 kafin ta bayyana.

Wuyan da ya saki yana da nasa dalilan. Akwai gubar da ƙwayar cutar botulizim ke samarwa a cikin mushe da ruɓaɓɓen abinci da ruwan kwata da ya daɗe a kwance, kuma kaza takan same ta idan ta ci tsutsar da ta fito daga mushen ɓera ko na wata kazar. A wannan yanayin shanyewar takan faro daga ƙafafu ta hau fukafukai da wuya, gashin wuyan kuma yakan tuge da ɗan ja kaɗan. Tun da naka yana tsayuwa, ina ganin ba ita ba ce, amma ka duba bayan tukwane da bakin lambatu ko akwai abin da ya ruɓe. Akwai kuma ƙarancin sinadaran bitamin E da B1, waɗanda ke taɓa jijiya. Sannan akwai dalilin da aka fi mantawa da shi, wato yunwa da ƙishirwa. Kaza da ido take cin abinci, kuma zakaran da ba ya gani sosai zai iya kwana da yini yana kai baki ba tare da ya haɗiyi abin kirki ba, har ƙarfinsa ya ƙare. Ka shafa ƙashin ƙirjinsa, idan ka ji ya fito da kaifi babu tsoka a gefensa, to ya daɗe yana rama.

Idon kuwa, kumburin fuska da wari da shigowar sabbin kaji masu atishawa sun fi nuna cutar koriza, wadda bakteriya ke kawowa, kuma takan bayyana cikin kwana 1 zuwa 3 bayan haɗuwa. Kumfa a ido takan zo da wata ƙwayar da ake kira maikoplasma, kuma sau da yawa su biyun tare suke zuwa. Farin abin da ka gani yana iya zama busasshiyar mugunya, yana kuma iya zama alamar ƙarancin bitamin A, wanda ba abin mamaki ba ne ga kajin da ke rayuwa a kan dusa da dawa ba tare da ɗanyen ganye ba.

Hajiya mai kiwo, Ɗorayi:
Likita, mu dai abin da muka taso muka ga iyaye suna yi shi ne a jiƙa sassaƙen maɗaci ko a daka barkono a zuba musu a ruwan sha, wasu kuma su ƙara da gautan kaji. Idan ido ne, a shafa manja ko man shanu, a kuma buɗe kafso ɗin nan ja da yalo a barbaɗa a ruwa. Na sha yin haka, wasu sun tashi, wasu sun mutu. Ina tambaya da gaske ne, a cikin waɗannan wanne ne yake da amfani, wanne ne kuma ya kamata mu bari?

Likitan dabbobi, Tarauni:
Hajiya, tambayarki tana da kyau, kuma ba zan ce duk abin da iyaye suka yi banza ne ba. Manja yana ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, saboda haka amfaninsa a cikin abinci yake, ɗigo kaɗan a cuɗa da dusa, ba a kan idon da ke fitar da mugunya ba, inda zai riƙe ƙura ya ƙara toshe shi. Barkono da maɗaci ba sa kashe bairos, kuma ruwan da ya yi ɗaci yakan sa marar lafiya ya rage sha a lokacin da ya fi bukatar ruwa. Kafso ja da yalo tetirasaikilin ne, magani ne na gaske, amma barbaɗa shi a ruwa ba awo, yau a ba da gobe a fasa, shi ne yake koya wa ƙwayoyin cuta jure magani, kuma wannan matsala tana dawowa kan mutane. Abin da nake roƙo kada kowa ya kusanta da idon dabba shi ne kananzir, baƙin mai, toka, lemun tsami da kwalli.

Malam mai zakara, ga yadda za ka wanke idon. Ka tafasa ruwa lita 1, ka zuba gishiri giram 9, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya da rabi, ka bar shi ya huce har ya zama ɗumi-ɗumi. Ka naɗe zakaran da tawul domin kada ya buga fiffike, ka jiƙa auduga ka ɗora a kan idon na ɗan lokaci har kwantsar ta yi laushi, kada ka ɓamɓare ta a bushe. Idan fatar ta buɗe, ka ɗiga ruwan a ciki, abin da ya taso da kansa ka share shi daga kusurwar idon da ke kusa da bakinsa zuwa waje, kowane ido da audugarsa. Abin da ya maƙale a ciki ka bar wa likita, domin matsa shi da ƙarfi yana iya fasa idon. Ka yi haka sau biyu ko uku a yini, sannan ka sa man ido na tetirasaikilin. Ka karanta jikin kwalin, kada ka sayi wanda aka haɗa da maganin rage kumburi mai suna deksametason, domin idan akwai miki a ƙwayar idon zai ƙara lalata shi, kada kuma ka yi amfani da kuloramfenikol, wanda aka hana ba dabbobin da ake ci. Amma wankin ido kaɗai ba zai isa ba, tun da cutar tana cikin kogon hanci, sai an haɗa da maganin sha ko allura bisa nauyinsa.

Mai gonar kaji, Hotoro:
Ina so in ƙara wani abu da mu masu gona ba ma mantawa da shi. A farkon 2006 murar tsuntsaye nau'in H5N1 ta ɓulla a wata gona a Jihar Kaduna, karo na farko a Afirka, kuma Kano tana cikin jihohin da suka fi jin jiki. Ta sake dawowa a watan Janairun 2015, a nan Kano da kuma Legas. Ita ma tana kumbura kai, tana taɓa jijiya. Idan ka ga zanko da leɓe sun koma shuɗi-shuɗi, ko jini ya kwanta a fatar ƙafa, ko kaji sun fara faɗuwa matattu ba tare da doguwar jinya ba, wannan ya wuce maganar jinya a gida, sai a sanar da jami'an lafiyar dabbobi nan take, kada kuma yara su taɓa. Zakaranka ba ya nuna haka, amma ka sa ido a kan sauran safe da yamma.

Malamin makaranta, Fagge:
Da izinin Baba, ina da magana a kan batun yanka. Ba na ganin laifi ga mutum ya yanka dabbarsa idan wahalarta ta yi yawa kuma babu alamar tashi, hasali ma barinta tana shan azaba shi ne abin ƙi. Abin da nake tsoro shi ne ɗabi'ar da ta zama ruwan dare, da zarar an ga kaza ta fara rufe ido sai a garzaya da ita kasuwa a sayar wa wanda bai sani ba, ko a yanka a watsar da gashi da kayan ciki a bola inda kajin maƙwabta ke tono. Mai yiwuwa ta irin wannan hanyar ce cutar ta iso gidan ɗan'uwanmu. Ya tabbata a hadisi cewa akwai lada a kyautata wa duk wani mai rai, saboda haka wanda ya zaɓi ya yi jinyar zakaransa bai yi wauta ba, ko da kuɗin maganin ya kusa kuɗin zakaran.

Baba mai kiwo, Yakasai:
Malam, maganarka a kan kai wa kasuwa gaskiya ce, ni ma ban yarda da ita ba, cin amana ne. Amma ina nan a kan bakata ta wani ɓangaren. Na ga kajin da suka warke daga wannan kumburin fuskar, suka koma suna ci suna sha, amma duk 'yan tsakin da aka ƙyanƙyashe a gidan sai su kamu, duk sabuwar kazar da aka kawo sai ta kumbura. Likita ya faɗa mana gaskiya, shin wanda ya warke ya rabu da cutar ke nan?

Likitan dabbobi, Tarauni:
Baba, abin da ka lura da shi daidai ne. Kazar da ta warke daga koriza ko maikoplasma takan ci gaba da ɗauke da ƙwayar a jikinta, wani lokacin har ƙarshen rayuwarta, kuma maikoplasma tana iya bi ta cikin ƙwai ta kai ga ɗan tsako. Saboda haka mai gonar da ke sayar da 'yan tsaki ko yake da dubban kaji yana da hujjar fitar da irin wannan tsuntsu. Amma a gidan Malam, sauran kajin sun riga sun sha ruwa a mazubi ɗaya da mai atishawar, yanka zakaran ba zai mayar da hannun agogo baya ba. Abin da ya rage masa shi ne kada ya sayar ko ya ba da kyautar kaza mai rai daga wannan garken, kada kuma ya ba da aron zakaran. Idan kuma aka fara ba shi magani, ba a cin namansa sai kwanakin da aka rubuta a jikin maganin sun cika.

Wata mai kiwo, Rijiyar Zaki:
Yaya mai zakara, ni ta fannin ciyarwa zan taimaka, domin na yi jinyar kaza mai irin wannan rauni, kuma na ga cewa ruwa da abinci su ne suke riƙe rai kafin magani ya fara aiki. Ka naɗe tsohon zane kamar gammo ka zaunar da shi a ciki, ƙirjinsa a ƙasa, kansa a ɗan tallafe, kada ya kwanta ta gefe. Kada ka bar masa ruwa mai zurfi a gabansa, domin wanda wuyansa ya saki zai iya kifa kai a ciki ya kasa ɗagowa. Wajen ba shi ruwa, kada ka ɗaga bakinsa sama ka ɗura, saboda ƙofar numfashinsa tana nan a gindin harshe, ruwa kaɗan ya shiga ta nan sai ya shaƙe. Ka cire allurar sirinji, ka riƙa ɗiga ruwan a gefen bakinsa, ɗigo ɗaya ka jira ya haɗiye, sannan ka ƙara. A ruwan za ka iya sa garin bitamin na kaji da ake sayarwa a shagunan magungunan dabbobi, gwargwadon abin da aka rubuta a jikin leda.

Abinci kuwa, ka jiƙa abincin kaji na buhu da ruwan ɗumi, ka murmushe dafaffen ƙwai a ciki, ka ƙara ɗan garin zogale da ɗigon manja, ka mulmula ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa kana sa masa a baki ɗaya bayan ɗaya. Kaɗan-kaɗan sau da yawa ya fi da yawa a lokaci guda. Da asuba kafin ka ba shi komai, ka taɓa jakar abincin da ke gindin wuyansa ta ɓangaren dama, idan ta sauka to cikinsa yana aiki, idan kuma tana nan cike tun jiya ka dakata ka gaya wa likita. Da dare ka rufe kwalin da buhu ka bar kafar iska, domin sanyin nan na asuba yana karya marar lafiya.

Mai zakara, Gwammaja:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na kai shi asibitin dabbobi na Gwale tare da kazar da ke atishawa. Likitan da ya duba shi ya fitar da wani dunƙulen farin abu daga ƙarƙashin fatar idon, ya ce ƙwayar idon ba ta fashe ba, amma ta yi hazo, kuma ba lallai ne ganin wannan ɓangaren ya dawo duka ba. Ya ce alamun sun fi kama da koriza, raunin wuyan kuma yana ganin rama ce da rashin abinci mai gina jiki, ya yi masa allura ya rubuta maganin da za a sa wa dukkan kajin a ruwa. Tun da na fara ba shi abinci a baki kamar yadda 'yar'uwa ta bayyana, yana riƙe kansa fiye da da, ko da yake har yanzu yakan sunkuya idan ya gaji, kuma bai yi cara ba. Likita, tambayata yanzu ita ce rigakafi. In yi wa sauran a wannan makon ne, ko in jira?

Likitan dabbobi, Tarauni:
Alhamdu lillahi. Ka kammala maganin har ranar ƙarshe da aka rubuta maka, ko da ka ga kumburin ya sace tun kafin nan. Rigakafin kuma ka jira tukuna. Na Niyukasil da ake ɗigawa a ido ko a sa a ruwa, ƙwayar cutar ce mai rai da aka raunana, kuma idan aka ba kazar da ke fama da ciwon numfashi takan ƙara mata nauyi. Idan an gama magani, atishawa ta tsaya, kowa yana ci da kyau, sai a yi musu gaba ɗaya. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana yin rigakafin Niyukasil iri biyu da ake kira Lasota da kuma I-2, kuma wannan na biyun ya fi dacewa da kajin gida saboda ya fi jure zafi, ko da yake shi ma ba a barinsa a rana. Ɗigo ɗaya ne a ido ga kowace kaza, babba ko ƙarama, kariyar takan kankama bayan mako ɗaya zuwa biyu, kuma ana maimaitawa duk bayan wata 3 zuwa 4. Ya fi kyau ɗaya daga cikin zagayen ya faɗo kafin shigowar hunturu. Ka sani cewa wannan rigakafin ba ya kare koriza, ita kariyarta ita ce duk kazar da ka sayo ka ware ta aƙalla mako 3 kafin ta haɗu da naka, ka kuma riƙa kwashe kashin akurki kafin warinsa ya kai ga yin yaji a ido.

Mai gonar kaji, Hotoro:
Malam, kwalba ɗaya ta rigakafin ta fi ƙarfin kajinka nesa ba kusa ba, kuma da zarar an haɗa Lasota da ruwa dole a gama da shi cikin awa biyu, ba a ajiye ragowa. Ka yi magana da maƙwabtanka masu kaji ku haɗa kuɗi ku sa rana ɗaya, a kulle kajin tun dare domin a same su da sassafe. Ka saya a shagon da ka ga an ciro shi daga firiji, ka tafi da kula da ƙanƙara, ka duba ranar ƙarewar aikinsa. Kada a haɗa shi da ruwan famfo mai sinadarin kulorin, a yi amfani da ruwan da aka ba ka tare da shi ko tafasasshen ruwan da ya huce sarai. Wanda zai ɗiga ya kiyaye idonsa ya wanke hannu bayan ya gama, domin yakan sa wa mutum jan ido na ɗan lokaci. Gidanka kuma a bar shi ya zama na ƙarshe a zagayen, saboda kada a ɗauki korizar a hannu ko a takalmi a kai wa kajin wasu.